Fita Kamun Giwan Ruwa da Ragon Ruwa a Yauri: Yadda Ake Shirya Tafiyar Haɗin Gwiwa

Mutum shida ko takwas, abokai ko abokan aiki daga Birnin Kebbi, Jega ko Argungu, suna iya haɗa kuɗi su sauka Yauri kwana biyu su kama babban kifi da hannunsu. Ba sai mutum ya gaji su ba. Sai dai ruwan Yauri ba Matan Fada ba ne, inda ake gasar kamun kifi ta Argungu. A Argungu ana shiga da homa da gora, gaɓa tana kusa, jama'a ta kewaye mutum ta ko'ina. Daga Yauri zuwa kudu kuwa Kwara ce ta baje ta zama tafki tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Tsawon tafkin ya kai kilomita 130, a tsakiyarsa kuma, wajen gungun Foge, faɗinsa ya kai kilomita 24. Akwai inda za ka tsaya cikin jirgi ka duba gabas da yamma, idan da hazo, ba ka ganin ƙasa.

Kifi biyu ne ke sa a yi wannan tafiya. Giwan ruwa mafarauci ne da ido, yana laɓewa gefen dutse ko kututture ya afka wa ƙaramin kifi. Ragon ruwa ɗan ƙasa ne, da gashin baki yake laluben abinci, ya fi fita da duhu. Kayan da ke kama ɗaya ba sa kama ɗaya yadda ya kamata, kuma lokacinsu ya bambanta. Ƙungiyar da ta fahimci wannan tun daga gida ta rage wa kanta rabin wahala.

Watan da ya dace

Ruwa biyu ke shigowa tafkin a shekara. Na farko shi ne na daminarmu, daga Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka. Shi ake kira farin ruwa. Na biyu yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, lakarsa ta kwanta a hanya, ya iso nan cikin hunturu a tace. Shi ne baƙin ruwa. Tunda giwan ruwa da ido yake farauta, lokacin baƙin ruwa ya fi, wato daga Disamba zuwa farkon Maris. A lokacin tafkin a cike yake, kututturan da ke fasa jirage sun fi nutsewa, kuma babu fargabar hadari.

Abin da ake yi wa shiri a wannan lokaci shi ne iskar hunturu. Da asuba ruwa yakan kwanta luf, amma da hantsi iska takan taso daga arewa maso gabas, a fili mai faɗi kuma igiyar ruwa ta isa ta cika jirgin katako. Saboda haka a fita da zarar gari ya waye, a yi aikin fili kafin ƙarfe 11, sannan a koma bayan gungu ko lungun da iska ba ta bugu.

Afrilu zuwa Yuni mu ba mu ba baƙo shawarar shiga tsakiyar tafki ba. Hadarin farkon damina yana haɗuwa cikin minti kaɗan da guguwa a gabansa, ruwa kuma yana ja baya, kututture na matsowa sama.

Jirgi, da wanda zai tuƙa shi

A nan ne ya kamata ƙungiya ta ɓata lokacinta mafi yawa. Kafin ranar tafiya da mako guda mutum biyu su je Yelwan Yauri, ko Wara idan ta can za a shiga, su ga jirgin da idonsu. Waya ba ta nuna ruɓaɓɓen katako.

A fara da gaisuwa wajen Sarkin Ruwa ko shugaban masuntan kwatar da za a tashi. A je da goro, a ce: "Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, fatsa muka zo yi kwana biyu, muna neman izini da kuma wanda zai riƙe mu." Wannan ba ladabi kaɗai ba ne. Shi ya san wane matuƙi ne ya san hanya, wane yanki ne ake rigima a kansa, ina dorina ta sauka a wannan makon, kuma wace gaɓa ce ba a kwana saboda matsalar tsaro. Abin da ya faɗa game da tsaro shi za a bi, ko da ya rushe rabin tsarin. A kuma leƙa sashen kula da kifi na jiha a tambayi ko akwai takardar da ake yanka.

Matuƙin da ake nema shi ne wanda ya tashi cikin ruwan nan, Basarke ko Bagunge, wanda ya san inda tsohuwar hanyar kogi ta bi kafin a tare ruwa. Lokacin da tafkin ya cika ya shanye garuruwa da gonaki da dazuzzuka, har aka tashi mutum sama da 40,000, ciki da tsohuwar Busa. Itatuwan da aka bari suna nan tsaye ƙarƙashin ruwa. Su ne gidan kifi, su ne kuma ke huda jirgi, kuma babu taswirar da ta nuna su sai wadda ke kan matuƙi.

Jirgi mai tsawon mita 9 zuwa 10 zai iya ɗaukar fasinja da yawa, amma masu fatsa huɗu kawai yake ɗauka, da matuƙi da yaronsa. Dalili shi ne zare yana son fili, ga kula biyu, ga jarkokin fetur, ga bokitin koto, wato abincin da ake sa wa ƙugiya. Idan kun kai shida ko takwas ku ɗauki jirgi biyu, su riƙa tafiya suna ganin juna. Idan injin ɗaya ya mutu ɗayan ya jawo shi. Bayan an loda komai a auna daga saman ruwa zuwa bakin jirgi: in bai kai kamu ɗaya ba, a rage kaya. Kowa a Kebbi yana tune da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 da fasinja sama da 150. Lodi fiye da ƙima ba abin da ake ciniki a kansa ba ne.

Ga abin da za a duba a jirgin. A ɗaga katakon shimfiɗa a ga ruwan da ya taru. Jirgin katako duk yana ɗan tsatsa, amma wanda sai an yi ta kwalfewa kowane minti goma a bar shi. A sa matuƙi ya tada inji a sanyi. In ya wuce ja huɗu ko biyar bai tashi ba, akwai gyara. A duba bayan injin a ga yana fitar da siririn ruwa. In babu, ba ya sanyaya kansa, zai ƙone a hanya. A tabbatar akwai fulogi biyu na ajiya da abin kwance su, farfela ta ajiya da fil ɗinta, igiyar tada inji, filafili biyu, doguwar gora ta tunkuɗa, yankakkiyar jarka biyu na kwalfe ruwa, da anka mai igiya mita 50 ko fiye.

Lissafin mai: yawancin injinan Yamaha da ke kwata, mai doki 15 da mai doki 40, masu shan fetur gauraye da mai ne. Ma'aunin da aka saba shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato rabin lita a jarka mai lita 25. Idan matuƙi ya ce injinsa wani ma'auni yake so, nasa za a bi. Mai doki 15 yana shan lita 6 zuwa 7 a awa idan an buɗe masa wuta duka, mai doki 40 ya kusa ninka wannan sau uku, a tafiyar sannu kuma abin yana raguwa ƙwarai. A raba fetur gida uku: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓawa. Dawowa Yauri gaba da iska da gudun ruwa ake yi, ya fi tafiya cin mai. A tace fetur da kyalle mai tsabta. Ruwa cikin fetur shi ne abin da ya fi kashe inji a tsakiyar tafki.

Rigar kariya kowa da tasa, ku sayo ku zo da ita, a sa a ɗaure tun daga kwata. Wanda ya iya iyo ma ya sa, domin mutumin da kansa ya bugi katako ba ya iyo. Babbar riga da takalmi mai nauyi a bar su a masauki.

Rabon aiki da kuɗi

A naɗa shugaba ɗaya, shi kaɗai ke magana da matuƙi a kan inda za a nufa. Mutum huɗu kowa na nuna tasa hanya, matuƙi sai ya daina faɗin abin da ya sani. A gaya masa tun farko: "Baba, cikin ruwa kai ne da magana, in ka ce a juya an juya." A naɗa ma'aji, kuɗi su shiga hannunsa kafin tafiya: hayar jirgi, fetur, ƙanƙara, abinci, masauki, goron izini, da kashi ɗaya cikin goma a kai saboda abin da ba a zata ba. A yi magana a fili da mai jirgi: hayar ta kwana ce ko ta awa, fetur a kan wa yake, yana da kaso a kifi ko babu. A bar wani a tudu da sunayen kowa, lambar matuƙi, yankin da aka nufa da lokacin dawowa, saboda sabis yana ɗaukewa a wurare da yawa.

Kowane mutum lita 4 na ruwan sha a yini, ko da sanyi ake yi. Abinci wanda ba ya lalacewa: burodi, dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki. Fura tana tsami kafin azahar. Hula mai faɗi, rigar sanyi ta asuba, tocila, usur, waya cikin leda biyu a ɗaure. Azahar da la'asar a tsara su a kan gungu, a sauka a yi alwala a natse, a nan kuma a ci abinci a huta wa iska.

Kayan fatsa

Hanya biyu ce: zaren hannu irin na masunta, ko sanda mai injin naɗe zare. Zaren hannu ya fi araha, ana samunsa a kasuwar Yauri, kuma yana kama manya. Don giwan ruwa a sayi zaren roba mai kaurin milimita 1 zuwa 1.2, mita 100 ga kowane mutum, a naɗe a jikin katako ko gwangwani. Don ragon ruwa milimita 0.6 zuwa 0.8 ya isa.

Mai sanda ya nemi mai ƙarfi, tsawon mita 2 zuwa 2.4, da injin da ke ɗaukar mita 200 na saƙaƙƙen zare mai jure kilo 25 zuwa 30. A ƙarshensa dole a ƙulla zaren gaba na roba mai kaurin milimita 1, tsawon mita ɗaya da rabi. Ga dalili: giwan ruwa ba shi da haƙoran yanka, amma murfin kumatunsa yana da kaifi da ƙaya kamar zarto, idan ya girgiza kai siririn zare ya gogi wurin sai ya tsinke. Saƙaƙƙen zare kuma ba ya jure gugar dutse. Inda tsage ya yi yawa a ƙara ɗan guntun waya kamar taƙi ɗaya kafin ƙugiya, domin shi haƙoransa almakashi ne.

Lambar ƙugiya tana rikita baƙi. A kwalin da masunta ke saye, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙugiya: lamba 5 ta fi lamba 12 girma nesa. A wanda ake rubuta 6/0 ko 8/0 kuwa, hawan lamba shi ne hawan girma. Hanya mafi sauƙi a auna da yatsa: ta giwan ruwa babban yatsa ya shiga bakinta da sarari, ta ragon ruwa ɗan manuni. Kowa ya riƙe ashirin aƙalla, saboda kututture zai ci rabonsa. A gwada tsini a kan farce. In ta zame ba ta kama ba, a wasa ta. Sai dalma daga giram 60 zuwa 150, da ƙananan ƙarafan nan masu juyawa da ke hana zare murɗewa, waɗanda za mu kira majuyi.

Ƙulli shi ne inda aka fi asarar babban kifi. A zura zare a idon ƙugiya, a naɗe shi a jikin kansa sau biyar, a dawo da bakin ta ramin da ke kusa da ido, a sake zura shi ta babban madaukin da ya samu, a jiƙa da yawu, a ja a hankali har ya zauna. Ba a jan ƙulli a bushe, zafin guga yana raunana roba. Kowane ƙulli a maƙala ƙugiyar a bencin jirgi a ja da ƙarfi kafin ya shiga ruwa. Idan zare ya dawo bakinsa a nannaɗe kamar wutsiyar alade, ƙulli ne ya kwance, ba kifi ne ya yanke ba.

Kowane jirgi ya samu babbar ƙugiya mai ƙota ta ɗauko kifi, filaya, wuƙa, kulki, da safar hannu mai kauri.

Koto

Ba abin da ya kai kifi mai rai wajen giwan ruwa: ƙaramar karfasa ko kawara, tsawon santimita 10 zuwa 15. A yi magana da mai birgi, wato ragar da ake wurgawa, tun daren jiya ya kamo da asuba. Bokiti mai lita 20 kada ya wuce kifi goma zuwa goma sha biyu, a ajiye a inuwa, a canza rabin ruwan kowane minti 20. Da an ga suna hawowa sama suna haki, iska ta ƙare musu. Idan jirgi a tsaye yake, kwando mai murfi a rataye cikin ruwa ya fi bokiti. Karfasa ta fi kawara juriya, ita za a bari ta yamma.

A soka ƙugiya ta hanci idan akwai gudun ruwa, ko ta baya gaban ƙaya idan ruwa a kwance yake, sama-sama, kada a taɓa ƙashin baya. Tsinin ya fito fili.

Neman giwan ruwa

Wurinsa shi ne inda zurfi ya canza: bakin tsohuwar hanyar kogi, gefen duwatsun gungu, gindin itatuwan da suka nutse, da inda gudun ruwa ya bugi dutse ya juyo. A ƙulla igiya da dalma, ƙulli ɗaya kowace gaba, a riƙa aunawa. Inda aka tashi daga gaba biyu aka faɗa gaba biyar ko shida cikin ɗan taƙi, nan ne. Ba sai an nemi wuri mafi zurfi ba. Idan zafi ya shigo ruwan can ƙasa yakan rasa iska, kifi ba ya zama.

Idan da koto mai rai za a yi, a kashe inji tun da sauran mita 50, a ƙarasa da filafili. A jefa anka ta goshin jirgi, sama da wurin, a saki igiya ninki uku na zurfin ko fiye, jirgi ya sauko ya tsaya kusa. Ba a ɗaure anka a bayan jirgi, igiyar ruwa za ta shigo ta nan. Dalma ta kasance mai gudu a jikin zare, sai majuyi, sai zaren gaba, sai ƙugiya. A saukar har dalma ta taɓa ƙasa, a ɗago gaba ɗaya. Mutum biyu ta dama, biyu ta hagu, masu nauyin dalma su kasance ta gaba don kada zarurruka su harɗe. A daina buga ƙafa da jan kula a katako. Ƙara tana tafiya nesa cikin ruwa. Minti 40 babu motsi, a tashi.

Giwan ruwa ba ya ɗanɗana koto, zuƙe shi yake yi gaba ɗaya. Za a ji kotonka ya firgita yana rawa, sai nauyi ya biyo. A bar shi ya tafi da zare, a ƙirga uku zuwa biyar, a tsaida zaren, a fizga sau ɗaya da ƙarfi. Wanda ya fizga tun a rawar farko koto kawai yake cirewa daga bakin kifi. Wanda ya daɗe kuma kifi ya riga ya shige cikin rassa.

Hanya ta biyu ita ce jan kifin roba a bayan jirgi, irin su Rapala mai tsawon santimita 14 zuwa 18, mai leɓen da ke sa shi nutsewa. Gudun jirgi kamar saurin mai tafiya a ƙasa, kilomita 4 zuwa 6 a awa. Kan sanda ya riƙa karkarwa a kai a kai, in ya daina ciyawa ta maƙale. Zare biyu kawai a lokaci guda, ɗaya mita 25 ɗaya mita 40, a riƙa karɓa-karɓa kowane rabin awa don kowa ya samu. Matuƙi ya yi kwana mai faɗi. A sa ido kan gora da kwalaben roba da ke yawo a sama: alamar kalli ne, wato ragar da ake kafawa cikin ruwa, ko mamari, doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, na wani. A zagaye su nesa. In an yi kuskure an harɗe, ku yanke naku zaren, ba a yanke na masunci, kuma a faɗa a kwata.

Da kifi ya kama, sauran duka su naɗe zarensu nan take. Birkin injin sanda an riga an saita shi tun a tudu a kan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, wato kilo 8 zuwa 10; a gwada da sikelin rataye. Kada a ƙara matse shi don an ga zare na fita. Gudun farko na giwan ruwa shi ne mai ƙarfi, kuma kututture yake nufa, sai a karkata sanda gefe a juya masa kai, matuƙi kuma ya ja jirgi zuwa fili. Zai taso sama ya buɗe baki ya girgiza kai. A wannan lokacin a sunkuyar da sanda a ci gaba da naɗewa, domin zare na yin sako-sako ƙugiya ta fita.

Mai zaren hannu kada ya kuskura ya naɗe zare a hannu ko yatsa. Kifin kilo 30 yana iya yanka nama har ƙashi, ko ya fizgo mutum cikin ruwa. A sa safa, zare ya riƙa zamewa tsakanin yatsu, abin da aka jawo a zuba cikin baho nesa da ƙafa. Ƙarshen zaren a ɗaure shi da jarka mai lita 10 a rufe. Idan zare ya kusa ƙarewa a jefa jarkar cikin ruwa a bi ta da jirgi, kifi ya gaji da janta. Wannan ba shiri ne na banza ba: kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 kilo 78 ne, giwan ruwa kuma yana wuce haka.

Ba a ɗauko shi sai ya kwanta a gefensa. Mutum ɗaya ne zai sa ƙugiya mai ƙota ta ƙarƙashin haɓa, sauran su zauna, biyu su karkata ɗaya gefen. Jirage sun fi kifewa a wannan minti, lokacin da kowa ya taso gefe ɗaya yana son gani. Kada a zura hannu ƙarƙashin murfin kumatu. A buga kulki a tsakiyar kai sau biyu kafin a nemi cire ƙugiya.

Manya-manyan giwan ruwa galibi mata ne, su ke zuba ƙwai mafi yawa. A ra'ayinmu ƙungiya ta ɗauki babba ɗaya, ta cika kula da masu kilo 5 zuwa 15, waɗanda namansu ma ya fi daɗi. Ƙanana da ba su kai kamu ɗaya ba a mayar.

Ragon ruwa

Nasa aikin na haƙuri ne. Ya fi ci daga faɗuwar rana zuwa dare, da kuma gab da asuba, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa kuwa ta hana tafiyar jirgi daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Mafita ita ce a ɗaure jirgi kafin shida, a yi fatsar daga tudu, a gaɓar da ke da gurbi kusa, gefen ƙauyen da aka ba ku izinin kwana.

Dalma giram 80 zuwa 120 mai gudu, majuyi, zaren gaba kamu ɗaya, koto ya kwanta a ƙasa. Yankan kifi sabo mai jini, ƙaramin kifi ɗungum, ko dunƙulen tana. Kifin da ya kwana ya yi laushi, yana zamewa daga ƙugiya. A jefa, a ja zare ya miƙe, a ɗaure a turke, a rataya gwangwani da tsakuwa a jiki. Ƙananan taɓe-taɓe na kurungu ne, a ƙyale. Ragon ruwa yakan taɓa sau biyu ko uku sannan ya ja a miƙe. A nan ake fizga. Kowane minti 30 a duba koto. Ramboshi da tarwaɗa ma suna faɗawa wannan tarko, ramboshi kuma yana girma ƙwarai, shi ya sa turken ya zama mai ƙarfi.

Ragon ruwa da kurungu suna da ƙaya uku, ɗaya a baya biyu a gefe, ramboshi da tarwaɗa kuwa biyun gefe kawai gare su; sukansu yana da raɗaɗi kuma yana ruruwa. A riƙe kifin ta bayan ƙayoyin gefe, a karye su da filaya. Wanda ya soku ya wanke da sabulu ya tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da zai iya jurewa na rabin awa, ya nemi allurar tetanus idan an koma gari. A haska tocila kafin a taɓa duk abin da ya fito da dare: mai santsi, mai ƙiba, mai ɗige-ɗige, marar ƙayar baya, minjirya ce, a yanke zare kawai.

Kada a kafa zango kan hanyar da dorina ke fitowa kiwo. Sawunta da kashinta ba sa ɓuya. A cikin ruwa a ba ta mita 100 ko fiye, musamman mai ɗa. A kwana cikin gidan sauro. A rage shiga ruwan gaɓa mai ciyawa saboda tsargiya. Wanda ya ga jini a fitsari bayan makonni ya je asibiti ya faɗi inda ya je. Guba, nakiya da wutar lantarki dokar kamun kifi ta 1992 ta haramta su, duk wanda ya kawo muku wannan shawara ku rabu da shi.

Daga ruwa zuwa gida

Kifi yana fara lalacewa tun daga mintin da ya mutu. Nan take a yanka ƙarƙashin maƙogwaro jini ya tsiyaye, a farke ciki, a cire hanji da jan abin numfashin da ke cikin kumatu, a kankare baƙin jinin da ke manne da ƙashin baya. Jakar iskar da ke cikin giwan ruwa kada a yar, tana da masu saye. A wanke a shanya daban. Wankin ƙarshe da ruwa mai tsabta.

Ƙanƙara kilo ɗaya ga kilo ɗaya na kifi, a ƙara rabi saboda hanya; daga Yauri zuwa Birnin Kebbi ta Koko da Jega kimanin kilomita 200 ne. A sayi ta dunƙule, a farfasa lokacin amfani. Ƙanƙara a ƙasa, kifi, ƙanƙara cikin cikinsa da samansa, haka har kula ta cika. A riƙa tsiyaye ruwan da ya narke, a rufe kula da jiƙaƙƙen buhu, kuma kular abin sha ta zama daban don a rage buɗewa. Babban da bai shiga ba a yanka shi gunduwa-gunduwa. Idan ƙanƙara ta gaza, kamun ranar farko a kai wa masu banda a kwata tun da yamma, a yi ciniki, a karɓa washegari. Ragon ruwa da ramboshi suna karɓar hayaƙi sosai.

Rabo a yanke shi tun kafin a bar gida, kuma wanda ya fi zaunar da ƙungiya lafiya shi ne a haɗa duka a raba daidai, tunda wanda ya naɗe zarensa don wani ya fitar da kifi shi ma ya yi aiki. A fara fitar da kason mai jirgi da yaronsa, da kifi ɗaya mai kyau na gidan Sarkin Ruwa. Saura a auna da sikeli, a yi kashi-kashi, kowane kashi da tsokar baya da ta ciki, mutum ɗaya ya juya baya a riƙa nuna kashi yana kiran suna. Kan babban kifin a bar wa wanda ya kama shi.